Ra'ayinmu: Gidan kallon ƙwallo a Daura gyara yake so, ba kwaɗo ba

Duk wanda ya ratsa unguwannin Daura ranar Asabar da hantsi, a cikin kakar wasanni, zai ga ɗan allo jingine a bakin wata rumfar kwano, an jera sunayen ƙungiyoyi da alli, kowane wasa da lokacinsa. Kafin la'asar wurin ya cika. Babura sun yi layi a waje, inji yana ruri a bayan ɗaki, mai shayi ya hura wuta, mai tsire ya kafa tukuba, daga ciki kuwa ihu ne ke tashi lokaci guda. Haka abin yake a Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, har Kongolam da ke bakin iyaka.

A Ingila da sauran ƙasashen da wasannin ke fitowa, wanda bai samu shiga filin wasa ba mashaya yake nufa, ya kalla da kofin giya a hannu. Mu nan ba mu gaji haka ba. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ko kafin nan ma zaman gidan giya a bainar jama'a ba tarbiyyar Daurawa ba ce. Abin da muke da shi shi ne gidan kallo: bencina, talabijin biyu ko uku, dikoda, fanka, da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

An daɗe ana ƙorafi a kan waɗannan gidaje. Liman ya yi huɗuba a kansu, uwa ta yi kuka da su, malamin makaranta ya ce su ne ke sa ɗalibai gyangyaɗi a aji safiyar Laraba da Alhamis. Wasu masu ƙorafin sun kai bango, sun ce a garƙama wa gidajen kwaɗo kowa ya huta. Samari kuma suna ganin an ɗauki karan tsana ne an ɗora musu, alhali wasa kawai suke kallo. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma ba mu ga dalilin toshe kunne ga ɗaya daga cikinsu ba.

Da farko, me ya hana saurayi kallo a gidansu? Amsar tana cikin aljihu. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice ya sake ƙara kuɗin DStv, tsarin Compact Plus ya koma naira 30,000 a wata, Premium kuma 44,500. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin samarinmu ko wannan ɗin ba su da shi. Ɗan acaɓa ne, ko tela, ko mai facin taya, ko wanda ke jiran ranar kasuwar Mai'adua ya samu na cefane. A ce ma ya biya kuɗin dikodar, ina wutar? Mutanen da ke ƙarƙashin kamfanin wuta na KEDCO ba sa bukatar a yi musu bayani, kuma ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Sai inji, shi kuma fetur yake sha, fetur ɗin da ya tashi daga ƙasa da naira ɗari biyu kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 har ya haura dubu a wasu lokuta. Gidan kallo karo-karo ne na talaka: mutum ɗari su haɗa 'yan ɗaruruwan nairori su sayi abin da ɗayansu ba zai iya saye shi kaɗai ba. A gefensa kuma mai gidan ya samu sana'a, yaron da ke kula da inji ya samu, mai gadin babura da mai indomi da mai cajin waya da mai ruwan leda duk sun samu. A garin da babu masana'antu, ba a raina irin wannan.

Akwai kuma wani amfani da ba a lissafa shi da kuɗi. Bahaushe ma'abocin kallo ne tun fil azal. Dambe da kokawa bayan an kau da amfanin gona, sukuwar dawaki, hawan salla, bikin Gani da ke tara jama'a a Daura daga ko'ina, duk taron kallo ne, kuma a duk cikinsu akwai gwani da wanda ake goyon baya da gori bayan an tashi. Ƙwallon Turai ta zo ta tarar da wannan ɗabi'ar ne ta shige ciki. A 'yan shekarun nan kuma Daura ta yi baƙi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri sun kawo ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasar nan, ga jami'an kwastan da na shige da fice da sojoji. Ka nemi inda ɗan gari da baƙo Kirista daga Kudu za su zauna kafaɗa da kafaɗa na sa'a biyu suna murna da abu ɗaya, da wuya ka samu in ba gidan kallo ba. Ɗan gidan sarauta da ɗan dako benci ɗaya ne, kuma idan ƙungiyarsu ta ci, rungumar juna suke yi ba tare da an tambayi asali ba. A ƙasar da siyasa da ƙabilanci suka raba kan mutane, ba za mu ce wannan ba komai ba ne.

To amma masu ƙorafi ba mafarki suka yi ba.

Maganar salla ita ce ta farko a bakin malamai, kuma agogo yana bayansu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Najeriya tana gaban Ingila da sa'a ɗaya. Wasan Firimiya na ƙarfe uku a can, ƙarfe huɗu ne a nan, daidai lokacin da masallatai da yawa ke tayar da La'asar. Babban wasan Lahadi na huɗu da rabi yana farawa biyar da rabi agogonmu, Magariba ta riske shi ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. Na Asabar da yamma kuwa shida da rabi yake farawa, ana idar da Magariba ke nan, Isha kuma ta faɗo a tsakiyarsa. Daga Afrilu idan Turawa suka matsar da agogonsu, wasannin gasar Zakarun Turai suna dawowa ƙarfe takwas, su hau kan Isha. Waɗanda suka tsara jadawalin ba su san da ladanin unguwarmu ba, kuma babu mai sa ran su sani. Mu ne ya kamata mu sani. Abin kunya ne a ji kiran salla daga masallacin da ke jikin gidan kallo, a ga sahu biyu a ciki, mutum ɗari kuma a kan benci suna jiran bugun kusurwa. Abin da ya ƙara mana nauyin maganar shi ne, a Ingilar ma an fara sassautawa. Ranar 26 ga Afrilun 2021, cikin azumi, an ɗan dakata da wasan Leicester da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa. Idan alƙalin wasa a ƙasar da ba ta Musulmi ba zai jinkirta wasa saboda buɗa-baki, mai gidan kallo a Daura ba shi da hujjar cewa kashe talabijin na minti goma zai karya masa kasuwa. Akwai masu gidajen da suke yin hakan tun tuni, suna ajiye buta da tabarma, kuma ba mu ji sun talauce ba.

Sai caca, wadda a ganinmu ita ce babbar musiba, ta fi duk sauran. Hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri ɗaya. Mun hana giya shiga, muka yi murna, ashe 'yar uwarta ta shigo ta cikin waya. Bet9ja da SportyBet da BetKing da 1xBet sunaye ne da yaron sakandare ya sani kamar yadda ya san sunan 'yan wasa. Yadda tarkon yake kuwa mai sauƙin ganewa ne ga wanda ya zauna ya yi lissafi. Ana kwaɗaita wa yaro ya haɗa wasanni goma a takarda ɗaya, ya sa naira ɗari biyu ya ci dubbai. Mu ɗauka gwani ne, a kowane wasa yana canka daidai sau bakwai cikin goma. Damar ya canki duka goman a jere ba ta kai uku cikin ɗari ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, wai wasa ɗaya ne ya ɓata masa takarda. Ba tsautsayi ba ne, haka aka tsara abin. Wanda ya ci sau ɗaya kuwa, shi ne tallan da kamfanin bai biya kuɗinsa ba, don duk majalisa sai ta ji.

Caca tana lalata kallon kansa. Mai goyon baya na gaskiya idan aka ci ƙungiyarsa zai ji haushi, a yi masa gori, gobe ya ware. Wanda ya zuba kuɗin cinikin ubangidansa ko kuɗin makaranta ba wasa yake kallo ba, rayuwarsa yake kallo tana zurarewa a minti na casa'in. Irinsa ne ke tashi da faɗa a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, irinsa ne kuma ke komawa gida ya ɗauki wayar ƙanwarsa ya sayar. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a watan Afrilun 2023 cewa za su cire tallan kamfanonin caca daga ƙirjin rigunansu bayan kakar 2025/26, saboda sun ga abin da yake yi wa nasu matasan. A nan gida, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2024 cewa sha'anin caca hurumin jihohi ne, ta soke dokar tarayya ta 2005. Wannan ya buɗe wa Jihar Katsina ƙofar yin nata tsarin ba tare da jiran Abuja ba. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kusan talatin a watan Oktoban 2024. Rufe shago yana da amfani, sai dai shagon da ya fi kowanne girma yana cikin aljihun wandon yaro, kuma babu ɗan Hisbar da zai iya sa masa kwaɗo.

Wannan ne ma ya sa muka rabu da masu cewa a rufe gidajen kallo. A ce gobe an wayi gari duk an kulle su daga Daura har Baure. Shin ƙwallon za ta daina fitowa? Saurayin da ke da waya zai sayi data ya shige ɗaki, ko su taru su biyar a kango, su kalla ta haramtattun shafukan intanet waɗanda tallan caca da hotunan batsa ke faɗowa a kansu kowane minti. A can babu dattijon da zai ce a tashi a yi salla, babu mai gida da zai kori mai shan ƙwaya, babu maƙwabcin da zai gan shi ya gaya wa mahaifinsa. Gidan kallo, da duk aibinsa, wuri ne da ido ke kai wa. Mai unguwa ya san inda yake, ya san mai shi, ya san uban mai shi. Abin da ake gani ana iya gyara shi.

Batun ƙwaya ma haka yake. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, kusan miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin, sai masu sha suka ƙara karkata ga tiramol da sauran tarkace. Gidan kallo bai haifi wannan annoba ba, ta girme shi kuma ta fi shi faɗi. Amma duhun da ke bayansa, wajen inji, yakan zama kasuwar dillali, kuma mai gidan da ya ce bai sani ba, so ya yi kada ya sani.

Yara kuwa babu wata muhawara a kansu. Tun 2024 aka faɗaɗa gasar Zakarun Turai zuwa ƙungiyoyi 36, wasanninta suka tashi daga 125 zuwa 189, wato dararen kallo sun ƙaru. A lokacin sanyi ƙarfe tara ake take wasa, a tashi wajen sha ɗaya, in an je ƙarin lokaci da bugun fenareti sai kusan sha biyun dare. Ɗan firamare ba shi da abin yi a waje a wannan lokacin, haka almajirin da ke leƙe ta hudar kwano. Kuma mu faɗi wadda ba a son ji: ba yara kaɗai ba ne. Akwai magidanta da matansu ke ganinsu a farke sau biyu ko uku kawai a mako idan kaka ta kankama. Gidan kallo wurin maza ne zalla, matar da aka bari da yara da sauro ba ta da bakin magana a wannan muhawarar, alhali ita ma tana biyan kuɗin shiga ta wata hanyar.

Akwai wani ɓangare da masu huɗuba da masu kallo duka suke tsallakewa, shi ne tsaron rai. Ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu, mafi yawansu matasa, saboda jama'a sun yi yawa mafita ta yi kaɗan. Fiye da shekara saba'in ke nan, amma ka shiga gidan kallo a yau ka ƙirga ƙofofi. Ɗaya ce, 'yar ƙarama, kuma da gangan aka matse ta don kada wani ya shige bai biya ba. Wani lokaci har sakata ake sa mata idan an fara wasa. Ga wayoyin wuta tsirara a saman kwano, ga jarkar fetur a jikin bango. Ranar 20 ga Afrilun 2017, a unguwar Nyanghasang ta Kalaba, babbar wayar wuta ta tsinke ta faɗo kan wani gidan kallo na kwano ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, hukuma ta tabbatar da mutuwar aƙalla mutum bakwai. Babu abin da ya bambanta wannan rumfar da namu. Haka nan ba mu manta da harin bam na Damaturu ba, ranar 17 ga Yunin 2014, ana kallon Brazil da Meziko, wanda ya kashe mutum fiye da ashirin, da na Konduga a watan Yunin 2019 da ya ci rai talatin. Masarautar Daura, alhamdu lillahi, ta fi wasu sassan jihar nan zaman lafiya, amma tana kan iyaka, kuma taron mutum ɗari a ɗaki ɗaya da dare abu ne da ya cancanci a sa masa ido. Sai kuma abin da ke kisa a hankali: hayaƙin inji idan an ajiye shi dab da taga, da cunkoso a ɗakin kwano cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da sanƙarau ke yawo, irin wanda ya addabi Katsina da Zamfara da Sakkwato a 2017.

Ra'ayinmu shi ne kada a rufe gidajen kallo, amma kuma kada a bar su kara zube yadda suke. A ɗauke su a matsayin wurin taron jama'a kamar kasuwa da tasha, a shimfiɗa musu ƙa'ida, wanda ya bi ya ci gaba da neman halalinsa, wanda ya ƙi a rufe nasa shi kaɗai.

Nauyin farko yana kan mai gida. Ƙofa biyu aƙalla, masu buɗewa waje, ba a sa musu sakata muddin akwai mutum a ciki. Kada a kafa rumfa ƙarƙashin babbar wayar wuta ko da filin kyauta ne. Inji da fetur su yi nesa da ɗaki, a sa fitila a bayan gida inda duhu yake. Idan an kira salla a kashe talabijin, a faɗa wa kowa tun daga allon waje cewa haka tsarin gidan yake. Bayan Isha kada a karɓi kuɗin yaro ƙarami. Kada a bar wakilin caca ya kafa tebur a ciki ko a bakin ƙofa, kuma kada mai gidan ya zama shi ne wakilin. Akwai wasu ƙananan abubuwa da su ne ke haddasa yawancin rigingimu, waɗanda alli kaɗai zai magance: a rubuta wace talabijin ce za ta nuna wane wasa tun kafin a karɓi kuɗi, kada ɗan Chelsea ya biya sannan a ce masu rinjaye sun zaɓi Barcelona. A kuma faɗi abin da za a yi idan inji ya mutu ko hadari ya ɗauke hoto da damina, a mayar da kuɗi ne ko a ba mutum shiga ta gaba. Mai gidan da ke cusa mutum ɗari da hamsin a ɗakin mutum tamanin ranar wasan Real Madrid da Barcelona, riba yake gani, mu kuwa El-Duniya muke tunawa.

Shi ma ɗan kallo yana da nasa. Malam, ka yi sallarka kafin ka shiga, in lokacinta zai riske ka a ciki ka tafi da alwala. Da ka zauna ka duba ina mafita take, kuma idan ka ga ɗakin ya cika ya batse, ko ka ji warin fetur, ka haƙura da wasan, BBC Hausa da gidajen rediyonmu za su ba ka labari. Ka riƙe canjinka daidai, wayarka a aljihun gaba, don lokacin da aka ci ƙwallo kowa ya miƙe yana tsalle shi ne lokacin aikin ɗan sane. Ka ɗaure babur ɗinka a inda mai gadi ke gani. In dare ya yi kada ka bi lungu kai kaɗai kana latsa waya. Kada ka sha abin da aka miƙo maka a buɗaɗɗiyar roba don kawai mai miƙowar ƙungiyarku ɗaya. Wanda likita ya ce yana da hawan jini ya ji tsoron Allah ya ji tausayin iyalinsa: daren 7 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu da bugun fenareti a gasar cin kofin Afirka, an ba da rahoton mutuwar 'yan Najeriya da dama suna cikin kallo, har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh.

Gori kuma gishirin kallo ne, ba ma cewa a daina. Al'ummar da ta san wasan Katsinawa da Gobirawa ta san yadda ake tsokana ba tare da an zubar da mutunci ba. Iyakarsa ita ce iyaye da addini da sana'ar mutum. Ka zagi mai tsaron ragarsu yadda kake so, ba zai ji ba, amma da ka ambaci uwar wanda ke kusa da kai ka fita daga wasa. Kuma idan ƙungiyar yayanka ce ko ta sa'an mahaifinka aka ci, dariya kaɗan ta isa. A watan Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wani direba a Jihar Ribas ya afka wa masu murna da motarsa ya kashe mutum huɗu. 'Yan wasan da aka yi don su kuwa sun gaisa a fili sun yi musayar riguna.

Hukuma ita ce ta uku, kuma a nan muna da fargaba. Mun san halin ƙasarmu, da an ce rajista sai ta rikiɗe ta zama haraji, jami'in da aka turo duba ƙofa ya karɓi na goro ya tafi bai ko leƙa ba. Idan haka za a yi gara a bari. Abin da muke nema shi ne ƙananan hukumomin masarautar guda biyar su san adadin gidajen kallon da ke ƙasarsu da masu su, rajistar ta zama kyauta ko kusa da kyauta, sharuɗɗan su zama kaɗan waɗanda kowa zai iya haddacewa. Hukumar Hisba da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa ta shigo da nasiha kafin kame, ta tuna cewa mai kallon ƙwallo ba mai laifi ba ne, ta mayar da ƙarfinta kan dillalin caca da na ƙwaya. Majalisar dokokin jiha ta yi amfani da damar da Kotun Ƙoli ta ba ta. Amma wanda ya fi kowa iya wannan aikin shi ne tsarin da Daura ta gada: fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ta umarci hakimai, hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni, kowane mai unguwa ya zauna da liman da mai gidan kallo da wakilin samari su yi yarjejeniya a zaure. Maganar da aka yi a gaban mai unguwa ta fi takardar sakatariya daɗewa. Su ma masu gidajen su kafa ƙungiyarsu su riƙa hukunta nasu, domin mai kashe talabijin lokacin salla ba zai ɗore ba idan na kusa da shi yana kwashe masa 'yan kallo.

Iyaye kuma kada su miƙa wa mai unguwa aikin da yake nasu. Uban da bai san inda ɗansa yake ba ƙarfe sha ɗayan dare, ba mai gidan kallo ne ya fara yi masa laifi ba. Wanda ya ba ɗansa kuɗin kallon wasan Asabar da hannunsa, ya ce masa ya dawo kafin Isha, ya fi wanda ya hana gaba ɗaya sanin halin da yaron ke ciki.

Wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ko da yake ba shi ne kan maganar ba: samarinmu sun san 'yan benci na Arsenal da albashinsu, amma da yawa ba za su iya kawo sunan mutum uku a Katsina United ba, ƙungiyar da ke wasa a filin Muhammadu Dikko, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba daga Daura. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasar nan sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya je ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. Da masu gidajen kallo za su riƙa ɗaukar nauyin gasar unguwanni lokacin hutun kaka, ko da kofi ne da ƙwallo biyu, da yaran sun motsa jiki, su kuma sun wanke kansu a idon iyaye.

Hutun nan, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Agusta, shi ne lokacin da bencina ke zama babu kowa a yawancin shekaru. A cikinsa ya kamata a fasa ƙofa ta biyu, a janye inji daga jikin taga, a gyara wayoyi kafin ruwa ya sauka sosai, masu unguwanni kuma su kira zaman da muka ambata. Gidan da aka buɗe sabuwar kaka bai yi waɗannan ba, a hana shi kafa allo har sai ya yi.